Gida a wani tsibiri, aiki a wani: jirgin sama kullum, jirgin fito, ko ɗakin haya?

Tsakanin tsibirin Westray da na Papa Westray, a arewacin Sikotland, akwai jirgin saman fasinja da tafiyarsa ba ta wuce minti 2 ba. Tazarar kilomita 2.7 ce kacal, kuma ranar da iska ta mara wa jirgin baya an taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53. Kamfanin Loganair ke wannan jigila tun 1967, da ɗan ƙaramin jirgi mai farfela biyu, Britten-Norman Islander, wanda ke cin fasinja 8. Ba masu yawon buɗe ido kaɗai ke cika kujerun ba. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, waɗanda ƙananan tsibiran ba su da yawan jama'ar da za a ajiye musu nasu na dindindin, sai dai a riƙa kai su ana dawo da su.

Wanda ya ji irin wannan labari, ga shi kuma an yi masa tayin aiki mai tsoka a tsibirin da ke maƙwabtaka da nasu, nan take zai fara lissafi: minti 30 a sama, ai ko mai mota a cikin gari yakan fi haka a cunkoso. To ba a nan gizo ke saƙar ba. Mintocin da jirgi ke yi a sama su ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a duba, kuma su ne mutane suka fi ɗora shawararsu a kai.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai wannan hali. Ya hau jirgin sama safe da yamma. Ya bi jirgin fito in akwai. Ya kama ɗaki kusa da wurin aiki ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako. Ko ya tattara iyali su ƙaura. Ba zan ɓoye inda na karkata ba: ga mafi yawan mutane, tashi kullum shi ne ya fi kyau a takarda, shi ne kuma ya fi saurin gajiyar da mai shi. Amma akwai waɗanda ya dace da su, kuma zan zo kansu.

Mu fara da agogo. Ba daga tashin jirgi ake fara ƙirga ba, daga lokacin da ka rufo ƙofar gidanka ne. Mu ƙaddara minti 20 za su kai ka filin jirgi. Ana son ka iso minti 45 kafin tashi, saboda layin bincike da rufe ƙofar shiga. Tafiyar kanta minti 30. Saukowa da fita daga filin, minti 10. Daga can zuwa ofis, minti 25. Ka ga an tashi da awa 2 da minti 10, a tafiyar da tikiti ya ce rabin awa ce. Zuwa da dawowa, awa 4 da minti 20. A kwana biyar, kusan awa 22, wato fiye da rabin makon aiki ya tafi a hanya, ba kuma a biyan ka ladansa.

Tsibiran Kanari na Sifaniya sun fi ko'ina nuna wannan a fili, domin can akwai jirgin sama da na ruwa kafaɗa da kafaɗa, kuma akwai dalilin kai-komo: biranen Las Palmas da Santa Cruz de Tenerife suna tarayya a matsayin babban birnin yankin, na farko a tsibirin Gran Canaria, na biyu a tsibirin Tenerife, don haka ma'aikatun gwamnati a rabe suke. Jirgin sama daga Gran Canaria zuwa arewacin Tenerife yakan ɗauki kimanin minti 30. Jirgin ruwa mai gudu daga garin Agaete na Gran Canaria zuwa Santa Cruz yakan ɗauki kimanin minti 80. Da ganin waɗannan lambobi biyu sai ka ce an gama magana. Sai dai jirgin ruwan a bakin tsakiyar birni yake sauke ka, kana iya takawa da ƙafa zuwa ofis, kuma da motarka ma kana iya shiga cikinsa. Filin jirgin saman kuwa yana can kan tudu wajen gari. A ɗaya gefen kuma, Agaete ba kusa da Las Palmas take ba, sai an yi tafiyar mota mai ɗan tsawo. Saboda haka mutum biyu da ke aiki a ofishi ɗaya za su iya samun amsa daban, gwargwadon unguwar da kowanne yake kwana.

Akwai kuma abin da agogo ba ya nunawa. Minti 80 a jirgin fito a dunƙule suke: ka zauna, ka buɗe kwamfuta a kan tebur, ka yi aiki ko ka yi barcinka. Awa 2 ta hanyar jirgin sama kuwa guntu-guntu ce. Ka tsaya a layi, ka ciro abin da ke aljihunka, ka zauna, a kira ku, ka sake tsayawa, ka ɗaura bel, kafin ka gama karanta shafi biyu an ce a naɗe tebur za a sauka. Babu guntun da ya isa a yi wani abin kirki a cikinsa.

Amma kada a ɗauka jirgin ruwa ne gwani a ko'ina. Tsakanin Tirinidad da Tobago jirgin sama minti 25 yake yi ko ƙasa da haka, na ruwa kuwa wajen awa 3. Babu mai hankalin da zai yi awa 6 a kan teku kowace rana. A Malta kuma akasin haka ne: mutanen tsibirin Gozo da yawa suna tsallakawa aiki babban tsibirin ƙasar kullum a jirgin fito na minti 25, kuma tun 2021 akwai mai gudu da ke kai su babban birnin ƙasar, Valletta, kai tsaye cikin kimanin minti 45. A can maganar jirgin sama ma ba ta taso ba. Inda ake ainihin ja-in-ja shi ne inda tafiyar ruwa take tsakanin awa 1 da awa 1 da rabi, kamar Kanari, ko tsakanin Mahé da Praslin a Seshel, inda jirgin Twin Otter ke yin kamar minti 15 zuwa 20, na ruwa kuma kimanin awa 1. A irin wannan tazara, in cikinka na jure wa teku, jirgin fito ya fi. In kuwa kana cikin waɗanda da zarar igiyar ruwa ta fara wasa da jirgi sai jiri da tashin zuciya, to babu lissafin da zai sa ka shiga ofis a haka sau biyar a mako.

Yanzu ga abin da na fi so a tsaya a kai, wato ranar da abu ya ƙi.

Ka ƙaddara ƙarfe 6 na yamma ne, ka gama aiki, kana zaune a ɗakin jira. Allon da ke bango ya nuna an jinkirta jirginku da minti 30. Ka leƙa ta gilashi, fitilun ƙarshen titin jirgi sun fara dushewa cikin hazo. Waɗanda suka saba ba sa ma kallon allon. Ɗaya ya riga ya fito da waya yana tambayar ko akwai ɗaki a masaukin da ya saba kwana, wata kuma tana roƙon maƙwabciya ta ɗauko mata yara. Sabon shiga ne kaɗai ke tsaye gaban ma'aikaciyar kamfani yana tambayar ƙarfe nawa za a tashi. Ƙarfe 8 saura sai rubutun ya canza: an soke. Mai mota in hanya ta toshe yakan zaga ta wata. Kai kuwa teku ce tsakaninka da gadonka.

Ƙananan filayen jirgi na tsibirai sun fi manya saurin rufewa, kuma da dalili. Da yawansu titi ɗaya gare su, don haka in iska ta bugo ta gefe da ƙarfi babu wani titin da za a juya a sauka. Wasu ba su da na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin hazo, sai matuƙi ya ga ƙasa da idonsa. Wasu ko fitilu babu, rana na faɗuwa an tashi daga aiki. A tsibiran Orkney kuwa, inda Westray da Papa Westray suke, hasken rana a watan Disamba bai fi awa 6 da 'yan mintoci ba. A Barra, can ma a Sikotland, a kan yashin bakin teku jirgi ke sauka, saboda haka cikar ruwa da janyewarsa ne ke tsara jadawali. Filin arewacin Tenerife yana sama da mita 600 daga doron teku, gajimare kan sauko ya lulluɓe shi cikin ɗan lokaci. A watan Fabrairun 2020 ƙurar Sahara ta sa an dakatar da tashi da sauka a filayen Kanari, a 2021 kuma tokar dutse mai aman wuta ta riƙa rufe filin wani tsibirin na Kanari mai suna La Palma, mutane suka koma layin jirgin ruwa.

Jirgin fito ma ana soke shi, ba shakka. Abin lura shi ne ba abu ɗaya ke tsayar da su ba. Hazo da ƙura sun fi hana jirgin sama, tumbatsar teku ta fi hana na ruwa, musamman masu gudun nan marasa nauyi. Shi ya sa wanda hanyarsa ke da duka biyun ya fi kowa kwanciyar hankali: ko wanne ya zaɓa, ɗayan na nan a matsayin madogara. Wanda hanyarsa jirgin sama ne kawai, shi ne ya kamata ya yi dogon tunani.

A nan ne lissafi ke fito da gaskiya. Mai tashi kullum yana hawa jirgi sau 10 a mako. In ya yi aiki mako 46 a shekara, sau 460 ke nan. Mu ɗauka, don misali kawai, cewa 2 cikin kowane 100 ne ake sokewa ko a yi mummunan jinkiri. Sau 9 ke nan a shekara da ko dai bai je aiki a kan lokaci ba, ko bai kwana gida ba. Mai zuwa ranar Litinin ya dawo Juma'a sau 92 yake hawa, kuma a wannan ma'auni ko sau 2 abin ba zai same shi ba. Jirgi ɗaya suke hawa, sama ɗaya suke bi, amma ɗaya ya miƙa wuyansa ga yanayi ninki biyar na ɗayan. Kuma ranakun ba a warwatse suke zuwa ba, a damina ko hunturu suke taruwa, wani lokaci uku a mako guda. Shugaban da ya yi maka uzuri ranar farko, a ta uku fuskarsa ta canza.

Kada kuma a sa rai da diyya. A Tarayyar Turai, dokar da ake kira 261 ta 2004 ta wajabta wa kamfani ya ba fasinja abinci da masauki in ya maƙale, amma ba ta tilasta biyan diyyar kuɗi in mummunan yanayi ne sanadi. A wurare da yawa ko masaukin ma daga aljihunka zai fito.

Sai kuɗi. Mutane kan yi mamakin yadda tafiyar minti 20 ke da tsada haka, alhali ba abin mamaki ba ne. Jirgi ya fi shan mai wajen tashi da hawa sama, kuma a gajeriyar tafiya kusan duka tafiyar tashi ce da sauka. Kuɗin fili da na bincike ba sa raguwa don tafiya gajera ce. Sannan jikin jirgi da yawan tashi da sauka yake tsufa fiye da yawan awoyi. Duniya ta koyi wannan a Hawai ranar 28 ga Afrilun 1988, lokacin da wani sashe na rufin jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sama tsakanin Hilo da Honolulu. Jirgin ya riga ya yi tashi da sauka fiye da sau 89,000. Matuƙan sun sauke shi a tsibirin Maui, ma'aikaciya ɗaya ta rasu, kuma daga nan aka tsaurara dokokin duba tsofaffin jirage. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba, domin hanyar gida zuwa filin jirgi a mota ta fi tafiyar saman haɗari. Na kawo shi ne don a gane cewa kula da jirgin da ke tsalle-tsalle tsakanin tsibirai aiki ne mai cin kuɗi, kuma a tikitinka ake cire shi.

Shi ya sa kusan duk inda ka ga talaka na iya wannan zirga-zirga, to akwai hannun gwamnati a ciki. Mazauna Kanari ana yi musu rangwamen kashi 75 cikin 100 a tafiya tsakanin tsibirai tun 2017, a sama da ruwa duka. Kafin nan kashi 50 ne. Tsakanin Tirinidad da Tobago gwamnati ce ke ƙayyade kuɗin tikiti tana cike giɓi. Jigilar tsibiran Orkney ma da tallafin hukuma take tafiya. Tallafi kuwa shawarar 'yan siyasa ce, kasafin kuɗi ɗaya na iya taɓa shi. Wanda ke son sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ya yi lissafinsa sau biyu: da rangwame, da kuma babu. In na biyun ya cinye ƙarin albashin da ya sa ka karɓi aikin, to a kan aro kake tsaye. A sa har da kuɗin ajiye mota a fili, da abin hawa a ɗaya tsibirin, wanda ga wasu yakan zama mota ta biyu, da kwanan masauki na ranakun da aka maƙale. Makin da kamfanoni ke tara wa fasinja kuwa kada ya ruɗe ka; inda da nisan tafiya ake ƙirga shi, mai tsallen kilomita 100 zai daɗe bai tara abin a zo a gani ba.

Akwai haɗarin da ya fi soke tashi na rana ɗaya, wato hanyar kanta ta mutu. Hawai ce babban misali. Babban jirgin fito da ya fara aiki tsakanin Oahu da Maui a 2007 ya tsaya a watan Maris na 2009 bayan hukuncin kotu kan batun nazarin muhalli, kuma har yau ba a maye gurbinsa ba. Kamfanin Aloha ya daina ɗaukar fasinja a 2008, Island Air ya rufe a 2017. Mutanen tsibirin Molokai sun rasa jirgin fitonsu zuwa Maui a 2016, sannan a 2021 jiragen da suka fi girma suka daina zuwa, aka bar su da ƙananan masu kujera 9. Tsakanin Honolulu a Oahu da Kahului a Maui, inda manyan jirage ke tashi a kai a kai tun asuba har dare, kuma kamfanin Southwest ya shigo gasar a 2019, mai tashi kullum in ya rasa wannan zai samu na gaba. A hanyar da kujera 9 ce ke tashi sau 'yan kaɗan a rana kuwa, ana auna nauyinka da na jakarka kafin a nuna maka inda za ka zauna, kuma in ƙungiyar 'yan ƙwallo ta riga ka sayen tikiti, ranar ba ka da wuri. Duk sunansu jirgin sama tsakanin tsibirai, amma ba rayuwa ɗaya ba ce.

To, ɗakin haya fa? Shi ne zaɓin da ba wanda ke marmari, kuma shi ne da yawa daga masu wannan aiki ke komawa bayan sun gwada tashi kullum. Kuɗin ɗaki ɗaya sau da yawa bai kai na tikiti 8 da ka rage a mako ba, sai dai a tsibiran da yawon buɗe ido ya sa haya ta yi tashin gwauron zabo, inda dole a yi lissafin da kyau. Kana isa aiki da ƙarfinka, ba ka kallon agogo in taro ya ja. Abin da ake biya a nan ba kuɗi ba ne: dare huɗu ba ka gida, aikin yara da na tsofaffi ya koma kan wanda aka bari. Sai dai a tambayi mai tashi kullum shi ma awa nawa yake gani a gidan. Wanda ya fita yara na barci ya dawo suna hamma, kwana kawai yake yi. Jiki magayi: tashin asuba sau biyar a mako, ƙarar farfela, toshewar kunne in ana mura, duk suna taruwa, kuma ranar Asabar ɗin da aka ce ta iyali ce a barci take ƙarewa.

Ƙaura ba ta buƙatar dogon bayani. In aikin na dindindin ne, abokin zama zai samu abin yi a can, kuma ba wani dattijo ko gona ko gida da ya ɗaure ka, ita ce mafi sauƙi a ƙarshe. Shawarata kawai kada a yi ta a watan farko. A yi wata shida ana zuwa mako-mako tukuna, a ga ko aikin zai riƙe ka.

Wa ya dace ya tashi kullum, ke nan? Wanda hanyarsa ke da jirage da yawa a rana, har da na dare bayan lokacin tashinsa daga aiki. Wanda gidansa da ofishinsa duk suna kusa da fili. Wanda ma'aikatarsa ce ke biyan tikiti ko kuma rangwamensa tabbatacce ne. Kuma wanda aikinsa zai jure makara. Mai zanen gini ko akanta in hazo ya tsare shi zai buɗe kwamfuta a gida. Malamar jinya mai karɓar aiki ƙarfe 7, ko malamin da aji ke jira, ba su da wannan dama, kuma su ne ya kamata su fi kowa tsoron jirgin safe. In ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, abin zai yiwu da wahala. In biyu suka faɗi, a nemi ɗaki.

Tsaka-tsakin da na ga ya fi dacewa da mutane da yawa a yanzu shi ne kwana biyu ko uku a jere a wurin aiki, sauran a yi daga gida ta intanet. A jere ɗin nan yana da muhimmanci. Litinin, Laraba da Juma'a tashi 6 ne. Talata zuwa Alhamis da kwana biyu a can tashi 2 ne, ofis kuma ya gan ka kwana uku duk ɗaya. Wannan magana kafin sa hannu a takardar aiki ake yin ta, lokacin da suke neman ka, tare da tambayar yadda za a ɗauki ranar da aka soke jirgi: fashi ne, hutu ne, ko aiki daga gida? A sa amsar a rubuce.

Kafin ka ba da amsa, ka gwada hanyar da kanka na mako guda, ba a lokacin da sama take garau ba, a watan da mutanen wurin suka ce ya fi muni. Ka hau jirgin farko na safe da na ƙarshe na yamma, ka rubuta lokacin da ka fita gida da lokacin da ka dawo. A ɗakin jira ka nemi waɗanda ba su da akwati, 'yar jakar baya kawai, waɗanda ma'aikatan fili ke gaishe su da suna. Ka tambaye su sau nawa suka kwana a wancan tsibirin bara ba da niyya ba, kuma a ina suka kwana.